Bashi ya sha kaina a Amurka: wace magana ce gaskiya game da kai karayar arziki kotu?

Direba_Bronx: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, amma yau lalura ta sa dole in buɗe baki. Shekarata goma sha ɗaya a New York ina tuƙin mota. Bara maiɗakina ta kwanta asibiti, na yi wata huɗu ban fita aiki yadda ya kamata ba, kuɗin haya da cefane duk da katin bashi na riƙa biya. Yanzu idan aka haɗa katuna uku da ragowar kuɗin asibiti, abin da ake bi na ya kai dala 41,000, kuma makon jiya aka kawo mini takardar sammaci cewa ɗaya daga cikin kamfanonin ya kai ni ƙara. Wani abokin aikina ya ce in shigar da takardar karayar arziki, wato in bayyana wa kotu cewa na kasa biyan basussukana, sai dai abin da nake ji a bakin masallaci ya tsorata ni. An ce za a ƙwace motata, an ce ba zan taɓa samun takardar zama ɗan ƙasa ba, an ce matata ma za ta shiga ciki. Akwai wani mutum a unguwarmu mai ofishin cike takardun haraji, ya ce zai yi mini komai a kan dala 400, amma in fara mayar da motar da sunan ƙanena, in kuma biya kawuna dala 3,000 da yake bi na kafin a shigar. Don Allah wanda ya san gaskiyar lamarin ya haska mini.

Alhaji_Mai_Goro: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah Ya yaye maka, Ya ƙara wa iyalinka lafiya. Ni dai ban goyi bayan wannan hanya ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba mu taso muka ga iyayenmu suna zuwa gaban alƙali su ce a shafe musu abin da suka ci ba. Ka san an kawo gawa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaya ko akwai bashi a kanta, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ka zo mu zauna, a sa ka a gaba a adashi, ka riƙa ragewa a hankali.

Ummu_Hanifa_Ohio: Malam Direba, kafin komai ina roƙonka kada ka taɓa takardun motar nan, kada kuma ka biya kawunka ko sisi sai ka ga lauya. Ni na bi wannan hanya a 2019 a Columbus bayan rabuwata da mijina, kuma shekara biyu na yi ina jan ƙafa saboda irin maganganun da kake ji yanzu. A cikin shekara biyun nan ba na ɗaga waya idan ban san lambar ba, wasiƙu kuwa a cikin wata jakar leda nake tara su a bayan firji ba tare da na buɗe ba. Ranar da lauyata ta shigar da takardun, doka ta dakatar da duk masu bi na: kiran waya ya tsaya, ƙarar da aka shigar ta tsaya, yankan albashina da aka fara ya tsaya. Bayan kamar wata ɗaya aka kira ni zaman da ake yi da amintaccen da aka ɗora wa shari'ar, wato jami'in da ke bincika dukiyar mai shigarwa domin haƙƙin masu bashi. Na kwana ina zaton zan tsaya gaban alƙali ga masu bashi sun cika ɗaki, ashe wani dattijo ne a bakin tebur da na'urar naɗar murya. Ya duba katin shaidata da katin lambar Social Security, ya rantsar da ni, ya tambaye ni ko na karanta takardun kafin in sa hannu, ko na lissafa duk abin da na mallaka, ko na ba wani wata kadara a 'yan shekarun nan. Ba mu yi minti goma ba, kuma babu mai bashi ko ɗaya da ya zo. Wata uku bayan nan takardar sallama ta iso, wato umarnin kotu da ya sauke mini basussukan. Motata tana hannuna har na sayar da ita da kaina.

Binta_Ofishin_Lauya: Ina aiki a ofishin lauyoyi a matsayin mai shirya takardu, ni ba lauya ba ce, don haka a ɗauki maganata a matsayin bayani na gaba ɗaya. Shawara biyun da mai ofishin harajin nan ya ba ka su ne ainihin abubuwan da ke rusa shari'ar mutane. Idan ka mayar da mota da sunan ƙanenka ba tare da ya biya kuɗinta na gaskiya ba, dokar tarayya ta ba amintaccen ikon waiwayar shekara biyu baya ya warware wannan kyauta, dokokin jihohi ma suna ba shi fiye da haka. Abin takaici shi ne, motar da wataƙila doka za ta bar maka ita idan tana da sunanka, da zarar ka ɓoye ta ka zubar da wannan kariya, kuma alƙali yana iya hana ka sallamar baki ɗaya. Batun kawu kuma, duk kuɗin da ka biya ɗan'uwa na jini cikin shekara guda kafin shigarwa, amintaccen yana iya bin sa ya karɓo domin a raba wa dukkan masu bashi. Ga sauran masu bashi waɗanda ba dangi ba kwana 90 ne. Ka ga maimakon ka fitar da kawunka kunya, sai ka jawo masa wasiƙar lauya.

Game da ƙwace kaya, akwai hanya biyu da talaka ke bi. A Babi na 7 na dokar karayar arziki ana duba abin da ka mallaka, a cire abin da doka ta keɓe maka, wato kayan ɗaki, tufafi, kuɗin fansho, kayan sana'a da wani kaso na darajar mota da gida, sai a sayar da abin da ya yi saura idan akwai. Yawancin masu shigarwa ba a samun abin sayarwa a wurinsu. A Babi na 13 ba a sayar da komai, sai dai ka riƙa biyan wani adadi duk wata na tsawon shekara uku zuwa biyar, kuma shi ne ya fi dacewa da wanda ake shirin ƙwace wa gida. Abin da ake keɓewa ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma New York tana cikin jihohin da ke barin mutum ya zaɓa tsakanin jerin jiha da na tarayya. Wannan zaɓi kaɗai ya isa dalilin neman lauya.

Direba_Bronx: Malama Binta, Allah Ya saka da alheri, jikina ya yi sanyi domin saura kaɗan in je ofishin rajistar motoci ranar Litinin. Akwai abin da ban faɗa ba. Ina da fili a Kumasi wanda na saya shekara shida da suka wuce, an zagaye shi da katanga amma ba a yi gini ba. Mai ofishin ya ce abin da ke Afirka bai shafi kotun Amurka ba, kuma babu ta yadda za su sani.

Binta_Ofishin_Lauya: Ya shafe ta. Dokar ta ce dukiyar mai shigarwa a duk inda take a duniya tana cikin lissafi, ko fili ne a Kumasi, ko shanu a Damagaram, ko kason gado a Kano da ba a riga an raba ba. Takardun nan bisa rantsuwa ake sa musu hannu, kuma ɓoye kadara laifi ne na tarayya da hukuncinsa ke kaiwa ɗaurin shekara biyar. Maganar ba za su sani ba kuwa, amintaccen yana karɓar takardun banki da na haraji, kuma kuɗin da aka riƙa aikawa gida suna barin sawu. Sau da yawa ma wanda aka saɓa da shi ne yake kai rahoto. Faɗar filin ba ya nufin lallai ka rasa shi. Yana yiwuwa darajarsa ta shiga cikin abin da aka keɓe, yana yiwuwa amintaccen ya ga wahalar sayar da fili a wata ƙasa ta fi ribarsa ya ƙyale shi, yana yiwuwa kuma lauya ya ce Babi na 13 ya fi maka. Amma wannan hukunci ne da ake yankewa bayan an faɗi gaskiya.

Malam_Damagaram: Ina son in koma kan maganar Alhaji, domin hadisin da ya kawo ingantacce ne, sai dai ba shi kaɗai ba ne a babin. Malamanmu na fiƙihu suna da babi guda mai suna taflisi, inda alƙali yake hana wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa taɓa ta, ya sayar da ita, ya raba wa masu bashi gwargwadon haƙƙin kowa, ya bar masa abin ci da tufafi shi da iyalinsa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma ce yafewa ta fi alheri. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake ba zakka. Akwai kuma hadisin mutumin da ya yi asara a 'ya'yan itacen da ya saya, aka tara masa sadaka ba ta isa ba, sai aka ce wa masu bin sa su ɗauki abin da suka samu. Saboda haka zuwa gaban hukuma a bayyana gazawa ba baƙon abu ba ne a addini. Abin da addini ya hana shi ne mai hali ya riƙa ja wa mai haƙƙi rai, da kuma ɓoye dukiya, wanda shi ne abin da wancan mutumin yake koya wa ɗan'uwanmu.

Alhaji_Mai_Goro: Malam, na ji kuma na karɓa, ilimi ya fi ni. Amma a taflisin da ka ambata, abin da ya rage yana nan a wuyan mutum, ranar da Allah Ya buɗa masa sai ya biya. A nan kuwa cewa ake yi an shafe. Wannan ne bai kwanta mini ba. Kawun yaron nan da ya cire dala 3,000 daga guminsa ya ba shi, shi ke nan an shafe?

Binta_Ofishin_Lauya: Baba Alhaji, tambayarka tana da amsa a cikin dokar kanta. Abin da sallama take yi shi ne ta hana mai bashi tilasta maka, ba ta hana ka biya don ganin damarka ba, kuma an rubuta haka ƙarara a sashe na 524. Dole a sa sunan kawun a jerin masu bashi, domin ba a yarda mutum ya zaɓi wanda zai rubuta da wanda zai bari ba, amma bayan an shigar da Babi na 7 yana iya biyan kawunsa daga abin da yake samu a sabon aikinsa har ya gama. Abin da ya kamata shi ne ya je ya gaya wa kawun da bakinsa tun kafin wasiƙar kotu ta riga shi isa.

Malam_Damagaram: To ka ji, Alhaji. Tsakaninsa da Allah kuma, da yawa daga malamai suna ganin uwar kuɗin tana nan a kansa idan ya samu hali, ribar da aka ɗora kuwa magana ce daban. Wannan sai ya zauna da malamin da ya yarda da shi, ba a zaure za a yanke ba.

Sani_Greensboro: Ni zan yi magana a kan masu cike takardu, domin na ɗanɗana. A 2017 na ba wani mutum dala 350 ya shirya mini, yana da tambarin notari a bango, ni kuma da na taso a Nijar na ɗauka notari babban masanin shari'a ne kamar yadda yake a tsarin Faransa. A Amurka notari shaidar sa hannu kawai yake yi. Mutumin bai gaya mini cewa tun daga gyaran dokar da aka yi a 2005 wajibi ne a yi wani ɗan kwas na shawarar bashi a cikin kwana 180 kafin a shigar ba. Kwas ne da ake yi ta waya ko intanet cikin awa ɗaya ko biyu. Saboda rashin wannan takardar shaida guda aka kori shari'ata, kuɗin kotu ya tafi, masu bashi suka dawo kaina, kuma sunana ya riga ya shiga kundin waɗanda suka shigar da karayar arziki. Da na koma wurinsa sai ya ce shi bugawa kawai ya yi. Daga baya na gane cewa a nan gaskiya ya faɗa: doka ta yarda irinsu su buga abin da ka faɗa musu, su sa hannu da sunansu a kan takardar, amma ta haramta musu ba da shawarar shari'a, ko da cewa wane babi za ka bi. Malam Direba, ka tambayi mutuminka ko zai sa sunansa a takardun. Idan ya ce a rubuta kamar kai ka cike da kanka, ka san inda aka dosa.

Hadiza_Houston: Batun takardar zama ɗan ƙasa da ya tsorata ka, mijina ya shigar da Babi na 7 yana da katin zama na dindindin, bayan shekara uku ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. Karayar arziki ba laifi ba ce, kuma dokar ba ta ce sai ɗan ƙasa ba, cewa ta yi wanda ke zaune a Amurka ko yake da dukiya ko wurin sana'a a cikinta. Abin da jami'an shige da fice suke tambaya shi ne harajin da ba a biya ba da kuɗin ciyar da 'ya'ya, sannan ƙarya bisa rantsuwa tana iya ɓata wa mutum shaidar kyawun hali. Wato abin da zai taɓa takardunka shi ne ɓoye filin, ba shigarwar ba. Duk da haka, wanda takardunsa na zama ba su daidaita ba ya fara ganin lauyan shige da fice, domin takardun kotun nan a buɗe suke ga duk mai son dubawa.

Abba_Fagge: Ina bin ku daga Kano, kuma abin ya ba ni mamaki. Mu ma muna da dokar karayar arziki tun 1979, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan shari'a, amma ban taɓa ganin wanda ya kai kansa ba. Abin da aka fi sani shi ne tsarin mulkin 1999 ya hana wanda aka ayyana ya karye kuma ba a sallame shi ba tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. A kasuwa kuwa dattawa ne ke zama su raba abin da ya saura, ko kuma mai bashi ya ɗauko 'yan sanda, alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Shin a can ma ana ɗaure mutum saboda bashi?

Ummu_Hanifa_Ohio: Malam Abba, ba a ɗaure mutum don ya kasa biyan katin bashi ko kuɗin asibiti. Masu karɓar bashi suna tsorata mutane da haka a waya, kuma doka ta hana su. Inda ake samun matsala shi ne idan alƙali ya umarci mutum ya bayyana ya ƙi zuwa, wannan raina kotu ne, hukuncinsa daban.

Lawal_Manchester: A Ingila ma ana nan da irin wannan tsoro a cikin jama'armu. A nan ta intanet ake nema tun 2016, kuɗinsa fam 680, kuma galibi bayan wata goma sha biyu ake sallamar mutum. Shawara kyauta ce a ƙungiyoyin Citizens Advice da StepChange. Na faɗa ne don kada wanda ke wannan ɓangaren ya ɗauki bayanin Babi na 7 ya yi aiki da shi, tsarin ba ɗaya ba ne.

Maman_Yasmin: Ina ganin mun yi nisa, kuma akwai abu na gaggawa da ba a taɓo ba. Malam Direba ya ce an kawo masa sammaci makon jiya. A New York kwana 20 gare ka ka ba da amsa idan a hannunka aka miƙa, kwana 30 idan ta wata hanya aka kawo. Idan ka yi shiru, kamfanin zai samu hukunci a bayan idonka, daga nan sai riƙe asusun banki da yankan albashi. Ka je ofishin magatakardan kotun da aka rubuta a takardar ka shigar da amsa, ba sai da lauya ba. Sannan ba kowa ne ya kamata ya shigar da karayar arziki ba. Asibitocin da ba na neman riba ba doka ta wajabta musu tsarin rangwame ga marasa ƙarfi, ni da kaina na cike takardar aka rage mini fiye da rabin kuɗin haihuwa. Ka nemi wannan tukuna, ka ga nawa zai saura.

Garba_Philly: Ina goyon bayan Maman Yasmin cewa a duba wasu hanyoyi, amma ina gargaɗi a kan kamfanonin da ke talla a rediyo cewa za su sasanta maka bashi ba tare da kotu ba. Na shiga hannun ɗaya. Suka ce in daina biyan katunan, in riƙa zuba dala 420 duk wata a wani asusu. Na yi wata goma sha huɗu ina zubawa, suka sasanta ƙaramin bashi ɗaya suka cire ladansu, manyan biyun kuwa suka kai ni kotu, domin babu dokar da ta tilasta musu jira. Ƙari a kan haka, wanda aka yafe ɗin sai ga takarda ta zo cewa hukumar haraji tana lissafa shi a matsayin kuɗin shiga. Bashin da kotu ta sallame ka daga gare shi ba a biyan haraji a kansa. A ƙarshe inda nake gudu can na koma, bayan na yi asarar fiye da shekara guda.

Direba_Bronx: Na gode ƙwarai, gobe da safe zan je kotun in ba da amsa. Saura tambaya biyu. Matata fa? Kuma ina cikin adashin mutum goma, na riga na kwasa, saura zubi huɗu a kaina.

Binta_Ofishin_Lauya: Aure ba ya tilasta wa matarka shiga, kana iya shigarwa kai kaɗai, sai dai za a nemi sanin abin da take samu domin ana auna kuɗin shigar gidan na wata shida da suka wuce da matsakaicin na jiharku, a ga ko ka cancanci Babi na 7. Amma ka lura, duk bashin da ta sa hannu tare da kai, ko wanda yake da sunanta kamar yadda kuɗin asibitin zai iya kasancewa, sallamarka ba ta sauke mata shi ba. Haka duk wanda ya tsaya maka a wani rance, shi za a koma bi. Idan yawancin kuɗin asibitin da sunanta yake, lauya zai iya cewa ku shigar tare, kuɗin kotun ɗaya ne. Adashi kuma bashi ne tunda ka kwasa, sai a rubuta shi, kuma ka gaya wa lauya zubin da ka yi a watannin nan. Kada kunya ta sa ka ɓoye masa, bai san adashi ba sai ka yi masa bayani. Akwai kuma basussukan da ba sa shafuwa: kuɗin ciyar da 'ya'ya da na tsohuwar mata, harajin 'yan shekarun nan, tarar laifi, bashin da aka ci ta hanyar yaudara, da bashin karatu in ban da an tabbatar wa kotu matsanancin ƙunci. Kada kuma ka ƙara taɓa katunan daga yau, domin kashe kuɗi dab da shigarwa yana jawo zargin cewa da niyya aka yi.

Hajiya_Harlem: Ni tambayata ita ce, mutumin da ya rasa na biyan bashi ina zai samu na lauya? Ai wannan ne ke tura mutanenmu wurin masu tambarin notari.

Maman_Yasmin: Hajiya, akwai ƙofofi, rashin sani ne ya rufe su. Kuɗin kotu dala 338 ne a Babi na 7, dala 313 a Babi na 13. Ana iya roƙon a biya kashi-kashi, kuma a Babi na 7 wanda samunsa bai kai kashi 150 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba yana iya neman a yafe masa. Ofisoshin taimakon shari'a kyauta suna ko'ina. Majalisar dokokin Amurka ta kafa hukumar Legal Services Corporation a 1974 don ɗaukar nauyin irinsu, a New York kuma akwai Legal Aid Society da Legal Services NYC. Ƙungiyar lauyoyi ta birni tana da layin da ake haɗa mutum da lauyan fannin. Akwai Upsolve, ƙungiya ce da ba ta neman riba, tana taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi su shirya Babi na 7 kyauta, sai dai don shari'a mai sauƙi aka yi ta, mai fili a wata ƙasa lauya yake buƙata. Lauyoyin wannan fanni da yawa ba sa karɓar kuɗi a zaman farko. Kafin ka ba kowa kuɗi, ka duba sunansa a rajistar lauyoyin jiha, a intanet take. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba kuma ya gaya wa lauya tun da wuri, ana samar da tafinta kyauta a zaman amintaccen.

Ummu_Hanifa_Ohio: In ƙara a kan wannan, ni dala 1,300 na biya lauyata cikin wata huɗu, sai da na kammala ta shigar, domin a Babi na 7 haka galibinsu suke yi. A Babi na 13 ana iya sa mafi yawan ladan lauya cikin biyan wata-wata. Maganar ba za ka sake samun bashi ba kuwa, gaskiyarta ita ce abin yana zama a kundin tarihin bashinka shekara goma a Babi na 7, bakwai a Babi na 13, kuma sai bayan shekara takwas ake sake samun sallama ta Babi na 7. Neman gidan haya ya yi mini wuya a shekarar farko, wani mai gida sai da na ba shi ajiyar wata biyu. Amma ba a yi wata shida ba tallan sababbin katuna ya fara cika mini akwatin wasiƙa, kuma wannan ne haɗarin da ban ji kowa ya yi mini gargaɗi a kansa ba.

Sani_Greensboro: Ga direba akwai ƙarin abu. Idan akwai ragowar bashi a kan motar, sallama ba ta cire haƙƙin wanda ya ba da rancen a kanta, sai an ci gaba da biya idan ana son riƙe ta. Masu rancen za su kawo takardar sabunta alkawarin biya, kada ka sa hannu sai lauya ya auna maka ko motar ta kai abin da ake bin ta.

Alhaji_Mai_Goro: Na karanta duka. Har yanzu ina ganin da jama'a na riƙe da junansu yadda ya kamata, da ba a kai nan ba, kuma zan kai maganar asusun zakka ga kwamitin masallacinmu ranar Juma'a, tunda Malam ya tuna mana masu bashi suna da kaso. Amma ɗana, maganar mayar da mota da sunan ƙanenka ka bar ta, wannan ko ni ban yarda da ita ba. Idan za ka je wurin kawun naka, ka kira ni in raka ka.

Direba_Bronx: Baba Alhaji, na gode, zan kira ka in sha Allahu. Yau na je kotun, magatakarda ta ba ni takarda mai shafi ɗaya na cike, aka sa mini ranar dawowa. Na kuma karɓo takardar neman rangwame a asibitin, sai na tarar kuɗin duk da sunan maiɗakina yake, kamar yadda Malama Binta ta yi hasashe. Ofishin taimakon shari'a sun ba ni ranar Laraba ta sama, sun ce in zo da takardun haraji na shekara biyu, da na banki na wata shida, da duk abin da ya shafi filin. Takardar filin tana Kumasi a wurin yayata, kuma da sunana da na mahaifiyarmu aka rubuta ta. Ban sani ba ko hoton da za ta turo ta WhatsApp zai wadatar, ko sai an aiko da ainihinta.

Binta_Ofishin_Lauya: Hoton zai isa a zaman farko, amma ta ɗauki kowane shafi har da bayansa inda tambarin yake. Ka kuma nemi wani dillalin filaye a can ya rubuta maka kimar filin a yau da kuɗin Ghana, da kwanan wata da sa hannunsa. Tunda da sunan mutum biyu yake, lauyan zai tambaye ka wanda ya biya kuɗin sayen da kuma ko mahaifiyarku ta zuba wani abu a katangar, sai ka tuno tun yanzu.